Glühwein: tambayoyi da amsoshi kan abin shan hunturun Jamusawa

Daga makon ƙarshe na watan Nuwamba har jajiberin Kirsimeti, da wuya ka shiga wani gari a Jamus ba ka tarar an kakkafa rumfunan katako na kasuwar Kirsimeti a dandalinsa ba. Tun ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi, sanyi na ratsa tafin takalmi, amma jama'a na tsaitsaye cincirindo, kowa ya rungume kofi mai tururi da hannu bibbiyu. Ƙamshin da ke tashi kuwa hancinmu ya san shi sarai: kirfa ce da kanumfari da ɓawon lemo. Shi ya sa baƙo kan ɗauka wani irin shayi ne ake sha. Ga tambayoyin da ɗalibai da sababbin zuwa suka fi yi a kansa.

Mene ne Glühwein ɗin nan takamaimai?

Giyar inabi ce da aka ɗumama da sukari da kayan ƙamshi. Galibi ja ce, amma akwai fara. Kuma sunan ba a sa shi da ka. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 251 ta shekarar 2014 ta ce ba za a sayar da abin sha da sunan Glühwein ba sai in daga giyar inabi zalla aka yi shi, kirfa ko kanumfari ne kan gaba a ƙamshinsa, kuma barasar da ke ciki ba ta gaza kashi 7 cikin 100 ba. Rukunin abubuwan shan da aka sa shi a ciki bai halatta ya kai kashi 14.5 ba. Dokar ta kuma hana a sirka shi da ruwa. Saboda haka in ka ga allo an rubuta Glühwein kawai, ba wani ƙarin bayani, to doka da kanta ta shaida maka akwai barasa a ciki.

Yaya Jamusawa ke haɗa shi a gida?

Ba wani aiki ne mai wuya ba. Ma'aunin da aka saba shi ne kwalba ɗaya ta jar giyar inabi marar zaƙi, mai cin mililita 750, da lemon zaƙi ɗaya, da sandar kirfa biyu, da kanumfari huɗu zuwa shida, da sukari ko zuma cokali uku zuwa huɗu. Da yawa suna ƙara wani busasshen ɗan itace mai siffar tauraro da suke kira Sternanis, wanda ake kawowa daga Sin da Biyetnam, wasu kuma su jefa ƙwayar kadamom biyu ko uku da aka ɗan fasa.

Ana yanka lemon fale-fale, a zuba komai a tukunya, a ɗora a wuta ƙasa-ƙasa har ya kai wajen digiri 70 a ma'aunin Salshiyos. Daga nan a rufe, a sauke, a bar shi ya tsimu kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, a tace, a sake ɗumamawa in za a sha. Tsofaffin matan gida na da wata dabara: su tsitstsira kanumfarin a jikin lemon kafin su jefa shi, don kada a sha wahalar tsince shi daga baya, kada kuma wani ya tauna shi a kofi.

Ba a ɓata giya mai tsada a wannan aiki, domin kayan ƙamshi za su danne duk wani abin da aka biya kuɗi dominsa. Ana zaɓar irin su Dornfelder ko Spätburgunder ko Merlot, ana kuma guje wa wadda ta daɗe a gangar katako saboda bauri take yi in ta ji wuta. Amma fa wannan duk zancen gida ne. Yawancin rumfunan kasuwa haɗaɗɗe suke saya a manyan robobi daga masana'anta, su juye a tukunyar lantarki mai famfo. Wanda aka rubuta wa Winzerglühwein shi ne wanda manomin inabi ya haɗa da giyar gonarsa, kuma ya fi tsada.

Me ya sa ake ta gargaɗin kada ya tafasa?

Barasa zalla tana tafasa a digiri 78, ruwa kuma sai 100. In tukunya ta wuce wannan iyaka, barasa za ta riƙa tashi da sauri, ita ce kuwa abin da mai sha ya biya. Ƙamshin lemo da na kirfa su ma suna bin tururi su gudu, sukari ya fara ƙuna, kanumfari ya saki ɗaci. Alamar da masu haɗawa ke dubawa ita ce siririn tururi da ƴan ƙananan kumfa a gefen tukunya. Da ya fara ɓararraka an ɓata shi.

To tunda an ɗora shi a wuta, barasar ba ta fice ba ke nan?

A'a, tana nan daram. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, kuma amsar da aka fi ji a bakin rumfa kuskure ce. Za ka ji abokin karatunka Bajamushe, da zuciya ɗaya, yana ce maka ai zafi ya kore ta, sha abinka. Shi ma haka ya ji ana faɗa.

Abin da ke faruwa a tukunya shi ne, barasa da ruwa in sun gauraya tare suke tashi. Barasar ba ta jira ta ƙare tukuna kafin ruwa ya fara. Ta fi ruwa saurin tashi, gaskiya ne, amma a hankali take raguwa, kuma ragowar ƙarshe tana da taurin kai. A shekarar 1992 masu bincike daga jami'ar Idaho da jami'ar jihar Washington, tare da Ma'aikatar Noma ta Amurka, sun auna barasar da ke saura a abincin da aka dafa da giya. Jadawalin da ma'aikatar ke amfani da shi ya nuna cewa in an zuba giya a ruwa mai tafasa aka sauke nan take, kashi 85 cikin 100 na barasar na nan. In an cinna mata wuta ta ci, kashi 75 na nan. Bayan dahuwar minti 15 saura kashi 40, bayan rabin awa kashi 35, bayan awa ɗaya kashi 25. Ko bayan awa biyu da rabi, kashi 5 na nan bai tafi ba.

Wannan fa abincin da aka dafa ke nan da gaske. Glühwein kuwa da gangan ake tsare shi ƙasa da digiri 78, a tukunya rufaffiya, don kada barasar ta tsere. Har ma jami'an duba abinci kan zaga kasuwanni su ɗebi samfuri daga tukwane, in suka tarar barasar ta sauka ƙasa da kashi 7 saboda daɗewa a wuta, mai rumfa ne ke da laifi.

Ga musulmi maganar a rufe take. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta yi hani, ga kuma hadisin nan da ke cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Amma wanda addininsa bai hana shi ba shi ma yana bukatar sanin wannan, in zai tuƙa mota, ko yana shan magani, ko mace ce mai juna biyu, ko wanda ya daina shan giya yake fama da kansa kada ya koma.

Da gaske yana maganin sanyi?

Yana sa mutum ya ji ɗumi, amma jikinsa sanyi yake ƙara yi. Idan sanyi ya kama ɗan Adam, jiki na matse ƙananan jijiyoyin jini da ke fata, ya tattara jini mai ɗumi can ciki wajen zuciya da huhu da hanta. Shi ya sa yatsu ke ƙanƙarewa tun kafin ƙirji ya ji komai. Barasa warware wannan kariya take yi. Jijiyoyin fata su buɗe, jini ya kwararo sama, fuska ta yi zafi, mutum ya ji kamar an lulluɓe shi da bargo. Alhali ɗumin cikinsa ne ya fito fili iska na kwasa. Ga shi kuma barasa na rage rawar ɗari, wadda ita ce hanyar da jiki ke samar wa kansa zafi, tana kuma dusashe tunani har mutum ya ɓalle maɓallin rigar sanyinsa ko ya zauna a benci ya ce bari ya ɗan huta.

Zafin cikin jiki na lafiya digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Wanda ya sha kofi ɗaya a kasuwa ya hau jirgin ƙasa ya koma ɗakinsa mai na'urar ɗumama ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne wanda ya sha da yawa barci ya kwashe shi a waje. A Berlin tun 1994 akwai motar da wata ƙungiyar coci ke zagayawa da ita da dare a lokacin sanyi tana kwasar marasa muhalli zuwa masauki. In ka ga mutum kwance a waje cikin sanyi ba ya amsa magana, kada ka ce maye ne kawai zai sake shi. Kira lambar agajin gaggawa, 112.

Abin da ke ɗumama mutum da gaske a kofin nan shi ne ruwan zafin, da kofin da ke tafin hannu, da sukarin. Duka ukun ana samunsu ba tare da ɗigon barasa ba.

Kofi ɗaya yaya ƙarfinsa yake?

Kofin kasuwa yawanci mililita 200 ne. In barasar kashi 10 ce, akwai mililita 20 na barasa zalla a ciki, wato kamar giram 16. Rabin lita na giyar kwalba mai kashi 5 tana da mililita 25. Ka ga ɗan ƙaramin kofin nan ya kusa kamo babbar kwalba. Zaƙi da ƙamshi ne ke ɓoye kaifinsa, sai mutum ya shanye uku bai ankara ba. Masu ciwon sukari su lura kuma: tsakanin sukari da barasa, kofi guda na kaiwa wajen kalori 200.

Daga ina al'adar ta samo asali?

Haɗa giya da kayan yaji ya girmi Jamus kanta. A littafin girke-girken Rumawa da ake jingina wa Apicius, wanda aka tattara wajen ƙarni na 4 zuwa na 5, girki na farko wata giya ce da ake haɗawa da zuma da masoro da za'afaran da dabino. A tsakiyar zamani kuma fadojin Turai sun yi yayin wata mai suna hippocras, wadda ake tacewa a jakar ƙyalle. Littafin da masu dafa abincin Sarki Richard na Biyu na Ingila suka rubuta wajen 1390 ya lissafa kayanta, kuma a jerin, bayan kirfa da citta da kanumfari, akwai citta mai ƴaƴa. Daga dazuzzukan gaɓar Afirka ta Yamma take fitowa, ayarin raƙuma su tsallaka Sahara da ita zuwa Afirka ta Arewa, jiragen ƴan kasuwar Italiya su ƙarasa da ita Turai. Tsadar wannan doguwar tafiya ce ta sa a lokacin sai sarakuna da attajirai ke shan irin wannan haɗi.

Kasuwannin su ma tsofaffi ne. Ta Dresden tana ƙirga shekarunta daga 1434, ta Strasbourg a Faransa daga 1570, ta Nuremberg kuma shaidarta mafi tsufa a rubuce ta 1628 ce. Sai dai Glühwein na kwalba, wanda ya sa kowace rumfa ke iya sayarwa ba sai ta iya haɗi ba, jiya-jiyan nan ne. Wani ɗan kasuwar giya a Augsburg mai suna Rudolf Kunzmann ne ya fara ɗura shi a kwalba a 1956, kuma hukumar gari ta ci shi tara, domin dokar wancan lokacin ta hana zuba sukari a giyar inabi. Daga baya aka gyara dokar.

A Jamus kaɗai ake shan sa?

Kusan duk inda ake dusar ƙanƙara a Turai akwai irinsa. Faransawa na ce masa vin chaud, a arewacin Italiya vin brulé, a Ingila mulled wine. Na ƙasashen arewa, glögg a Suwidin da glögi a Finlan, shi ya fi fita daban: kadamom ya fi yawa a ciki, kofunansa ƙanana ne, ana kuma zuba busasshen inabi da ƙwayar almon a gindin kofi a ci da cokali. A can sunan ɗaya ne ga mai barasa da marar barasa, don haka sai an karanta jikin kwalba.

Ni ba na shan giya. Me zan nema a rumfa, me kuma zan guje wa?

Ka nemi Kinderpunsch. Kada sunan ya ba ka kunya don an ce na yara ne, manya da yawa shi suke sha, musamman masu tuƙi. Ruwan ƴaƴan itace ne da shayin ƴaƴan itace da kayan ƙamshi iri ɗaya da na Glühwein, launinsu ma ɗaya, a kofi iri ɗaya. Akwai kuma heißer Apfelsaft, wato ruwan tuffa mai zafi, da koko, da shayi.

Inda ake faɗawa rami shi ne sunayen da ba su yi kama da na giya ba. Punsch kaɗai, in babu Kinder a gabansa, yawanci da barasa. Apfelsaft ruwan tuffa ne, amma Apfelwein, wanda mutanen Frankfurt ke ji da shi, giyar tuffa ce, kuma shi ma ana sayar da shi da zafi. Eierpunsch rawaya ne mai kauri da kirim a kai, ka rantse abin yara ne, alhali giyar ƙwai ce da farar giyar inabi. Jagertee na Ostiriya yana da kalmar shayi a sunansa, amma ram ne, wato barasa mai ƙarfi da ake yi daga rake, da baƙin shayi. Grog ram ne da ruwan zafi. Met giyar zuma ce. Sai Lumumba, koko mai zafi da aka zuba wa ram. Mutane da yawa na ganin sunan cin fuska ne ga Patrice Lumumba, firaministan Kwango na farko da aka kashe a 1961, kuma wasu kasuwanni sun fara neman masu rumfa su canja shi. In kuma mai rumfa ya tambaye ka "mit Schuss?", yana nufin ko ya ƙara maka ram ko wata barasa mai zaƙi da ake kira amaretto ne a kai. Ka ce "ohne", wato ban da shi.

Wanda ya fi ɗaukar ido shi ne Feuerzangenbowle. Ana gicciya wani ƙarfe a bakin tukunyar Glühwein, a kwantar da curin sukari mai tsini na giram 250 a kai, a jiƙa shi da ram mai ƙarfin kashi 54 ko fiye, a kyasta ashana. Shuɗiyar wuta ta kama, sukarin na narkewa yana ɗiga cikin tukunya da ƙarar cuwi-cuwi, mai rumfa na ƙara ram da ludayi mai dogon hannu, wutar na tashi tana sauka. Kallo kyauta ne. Amma kada ganin wuta ya sa ka zaci barasa ta ƙone. Wannan ya fi Glühwein na yau da kullum ƙarfi nesa ba kusa ba.

Tambaya ɗaya ta ishe ka ko'ina: "Ist da Alkohol drin?" Wato, akwai barasa a ciki? Ka yi ta har a rumfar kayan zaƙi, domin akwai dunƙulen cakulan mai ram, kuma burodin Kirsimeti da ake kira Stollen sau da yawa a ram ake jiƙa busasshen inabinsa. Tsiren tsiran alade da ke ƙamshi a rumfar gefe kuwa ba sai an faɗa ba.

Na ga an rubuta alkoholfrei a kwalba. Shi ke nan babu komai?

Ba lallai ba. A Jamus ana iya rubuta alkoholfrei ga abin shan da barasarsa ba ta wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. Kuma iri biyu ne a kanti. Akwai wanda daga ruwan ƴaƴan itace aka yi shi, bai taɓa zama giya ba. Akwai wanda giya ce sosai aka zare mata barasa da injin, za ka ga kalmar entalkoholisiert a jiki. Na biyun nan malamai sun yi magana a kansa, kuma wanda abin ya dame shi ya tambayi malaminsa. Hanya mai sauƙi ita ce a juya kwalba a karanta jerin kayan haɗi. In ka ga Traubensaft, ruwan inabi ne da bai zama giya ba. In ka ga Wein, ka san inda aka fito.

Yaya zan haɗa marar giya a gida, wanda ba zai zama ruwan sukari kawai ba?

Matsalar yawancin Kinderpunsch ita ce zaƙi. Giyar inabi tana da tsami da ɗan bauri da ke tare sukari, ruwan inabi na kwali kuwa ba shi da su, sai ka sha rabin kofi ya gundure ka. Jamusawa na magance wannan da Früchtetee, jan shayin ƴaƴan itace. Ɗauki kwalinsa ka duba bayansa, za ka ga Hibiskus a sahun farko. Zoɓo ne. Jamus na cikin manyan masu sayen busasshen zoɓo a Turai, daga Sudan da Najeriya da Masar, kuma Jigawa na kan gaba wajen noma shi a Najeriya. Saboda haka maimakon ƴar jakar shayi, ka sayi ainihin abin a shagon ƴan Afirka, ko shagon Larabawa inda ake ce masa karkade.

Ga yadda nake ganin ya fi fita, na mutum biyar ko shida. A zuba rabin lita na ruwa a tukunya da sandar kirfa biyu, kanumfari biyar, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa an daddaka ta, da ƙwayar masoro huɗu ko biyar. A nan tafasawa ake so, minti 10 zuwa 15, a rufe. Dalili kuwa barasa ta fi ruwa iya tsotso man ƙamshi daga kayan yaji, to tunda babu ita, wuta da lokaci ne za su yi aikin. Sai a sauke, a zuba zoɓon da aka ɗauraye cikin tafin hannu ɗaya, a rufe minti 10. In ya wuce haka tsaminsa kan yi yawa. A tace, a zuba jan ruwan inabi rabin lita da ruwan tuffa rubu'in lita, a jefa yankan lemo, a mayar wuta ya yi zafi ba tare da ya tafasa ba. A ɗanɗana kafin a sa zuma, don sau da yawa ba a ma bukatarta.

Wanda ke da kimba ya jefa sili ɗaya tun farko. Ɗaya fa, don tana da danne sauran. A ganina wannan haɗi ya fi duk Kinderpunsch ɗin da ake sayarwa a rumfa, kuma baƙi Jamusawa kan tambayi abin da aka sa.

Zoɓo na ɗan sauke hawan jini. Mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu su tuntuɓi likita kafin su mayar da shi abin shan kullum.

Wace kirfa ce ta fi, kuma gari ko sanda?

Sanda. Garin kirfa ba ya narkewa, dagula abin sha yake yi ya bar yauƙi a gindin kofi. Kirfar kuma iri biyu ce. Ta Sirilanka, wadda ake rubuta wa Ceylon, siraran ɓawo ne da yawa a nannaɗe, tana marmashewa a hannu, ƙamshinta a hankali. Cassia kuwa ɓawo ɗaya ne mai kauri da tauri, ta fi arha, ta fi ƙarfi, ita ce aka fi samu. Cassia na ɗauke da sinadarin kumarin da yawa, wanda kan taɓa hantar wasu mutane in ya yawaita. Hukumomin lafiyar abinci na Turai sun sa iyakar miligiram 0.1 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato miligiram 6 ga mai kilo 60. Sanda biyu a tukunyar mutum shida ba abin damuwa ba ne. Mai shan shayin kirfa safe da yamma duk tsawon hunturu, ko mai ba ƙananan yara, gara ya nemi Ceylon.

Na haɗa ya yi ɗaci. Me ya jawo?

Yawanci farin cikin ɓawon lemo ne, in yankan ya daɗe a tukunya. Bayan awa ɗaya a tsame shi, ko kuwa tun farko a fere saman ɓawon kawai a matse ruwan daban. Na biyu kanumfari, wanda in ya yi yawa har harshe yake kashewa. Tukunyar dalma ma ba ta jituwa da tsami, tana sa ɗanɗanon ƙarfe, don haka a yi amfani da ƙarfe marar tsatsa ko mai rufin samira. Sannan lemon kanti galibi an shafe ɓawonsa da maganin hana ruɓewa. Tunda ɓawon zai shiga tukunya, a sayi mai alamar Bio, wato wanda ba a shafa wa wannan magani ba, a wanke da ruwan zafi.

An karɓi kuɗi fiye da wanda ke kan allo. Cuta ce?

Ba cuta ba ce, jinginar kofi ce, suna ce mata Pfand. Yuro biyu zuwa biyar ne, ya danganta da gari. In ka mayar da kofi a mayar maka da kuɗinka. Wasu rumfunan na haɗa maka da ɗan kwabon roba, in ka yar da shi ba za su karɓi kofin ba. Kofunan na ɗauke da sunan gari da shekara, wasu an yi su da siffar takalmi, shi ya sa mutane da yawa ke barin kuɗin su tafi da kofin tsaraba.

Abokan aiki sun gayyace ni kasuwa bayan an tashi. In ƙi zuwa?

Wannan shawararka ce, kuma akwai waɗanda ba sa zama inda ake shan giya sam, ba wanda zai ga laifinsu. Amma ka san abin da ake gayyatarka. A watan Disamba wannan tsayuwa a bakin rumfa ita ce rumfar mai shayinsu: a nan ake hira, a nan sabon ma'aikaci ke sanin waye wane. In ka je, ka faɗi tun farko cewa ba ka shan barasa, gajeren zance, ba sai da dogon bayani ba. Abin lura ɗaya: sukan yi zagaye, mutum ɗaya ya tafi ya sayo wa kowa, kuma kofunan duk kamarsu ɗaya, abin cikinsu ma ja ne duka. Ka bi shi zuwa rumfa ka karɓi naka da hannunka.

Me doka ta ce kan shekaru da tuƙi?

A Jamus ɗan shekara 16 na iya sayen giyar inabi, har da Glühwein. In an ƙara masa ram kuwa sai ɗan 18. Iyakar tuƙi ita ce 0.5 cikin dubu na barasa a jini. Wanda aka kama karon farko zai biya tarar Yuro 500, a hana shi tuƙi wata ɗaya. Wanda bai kai shekara 21 ba, da wanda ke cikin shekaru biyun gwaji na sabon lasisi, ba a yarda masa ko kaɗan ba. Ƴan baburan lantarki na haya da ake tsaye a kai, dokar mota ce ke kansu, abin da matasa da yawa ba su sani ba sai ɗan sanda ya tsayar da su.

Ragowar fa, ana iya ajiyewa?

Ana iya. A tsame kayan ƙamshi da lemo tukuna, in ba haka ba za su ci gaba da tsimuwa har ya yi ɗaci. A bari ya huce, a ɗura a kwalba mai murfi, a sa a firji. Na zoɓo da ruwan inabi a shanye shi cikin kwana biyu ko uku, kuma kada a bar shi a ɗaki mai ɗumi, domin ruwan inabi mai sukari in ya kwana biyu a waje da kansa yake fara tsami ya koma giya. In ka buɗe kwalba ka ji ta yi tsit da iska, ko ka ga kumfa na tasowa, zubar da shi.